Yawon ƙafa cikin Yamai, daga gada zuwa Babbar Kasuwa

  

Da yawa cikinku sun taɓa zuwa Yamai. Wani ya kawo marar lafiya likita. Wani ya zo neman takarda. Daga tasha sai taksi, daga taksi sai tasha. Ya koma Maraɗi ko Tawa, bai ga kome ba sai ƙura. To, birnin nan naku ne. In Allah ya sake kawo ku, ku ware safiya guda, ku taka shi da ƙafa. Manyan wuraren suna kusa da juna, nan bakin kogi.

Ku fara da sassafe daga gadar Kennedy, tun rana ba ta yi zafi ba. An buɗe ta a 1970, da taimakon Amurka. Tsawonta mita 710 ne. Kafin a gina ta, jirgin fito ke ƙetare da mutane da motoci. Ku tsaya a tsakiya, ku riƙe hannun yaro in kuna tare da shi. Ku dubi kogin Isa. Ga masunta cikin kwalekwale, ga masu wanki, ga lambuna kore shar. Ƙetaren can shi ne Harobanda, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Yanzu akwai wasu gadoji biyu, ta 2011 da ta 2021, amma wannan ita ce uwarsu.

Ku juyo wajen gari. Ga otal ɗin Gawai a bakin ruwa. Bayansa, bisa gangare, akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda mutane ke ce wa Mize. An kafa shi a 1959. Yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Ana biyan kuɗin shiga a bakin ƙofa. Ku karɓi tikitinku ku adana.

Kada ku yi gaggawa a nan. Ba ɗaki guda ba ne, fili ne babba mai itatuwa da inuwa. Akwai zaki da kura da dorina. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, inda za ku ga rigunan Hausawa da na Zabarmawa, da Fulani, da Abzinawa, da Barebari. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki a gabanku. Kallo kyauta ne, ciniki kuwa sai an taya.

Za ku ga ƙasusuwan wasu dabbobi na da can, da ake kira dinozor. An tono su a Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas. Sun fi shekara miliyan 100. Akwai na wani kada da ya fi mita 9. Ina kada zai zauna in babu ruwa? Ashe inda rairayi yake yau, da koguna ne.

Amma abin da nake so ku nema, shi ne wani busasshen icce da aka yi wa rumfa. Shi ne iccen Tenere. Iccen ƙaya ne, irin kandili. Shi kaɗai yake tsaye cikin hamada, gefen rijiya. Ayarin gishiri mai zuwa Bilma da shi yake gane hanya. Madugai ba su yarda a sare shi a dafa shayi ba. A 1973 wani kamyo ya buge shi ya faɗi. A shekarar nan aka kawo shi Yamai. Hamada duk faɗinta, direba bai sami abin karo ba sai shi!

In kun fito, ku bi ta wajen tsohuwar Ƙaramar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 2012. Ku wuce gaban ginin majalisa, har Babbar Kasuwa. Zabarmawa na ce mata Habu Bene. In kun ɓata, wannan suna za ku faɗa. Ita ma ta ƙone a 1982, aka sake buɗe ta a 1987. Ku kula da aljihunku. Ku riƙa karanta allunan tituna, don an canza wasu sunaye. Titin De Gaulle ya zama titin Jibo Bakari tun 2024.

Daga kasuwa za ku ji bambanci a jikinku. Inuwa ta ragu, kwalta ta ɗau zafi. Mai sauran ƙarfi ya ci gaba wajen gabas, zuwa Babban Masallaci, wanda Libiya ta ba da kuɗin gininsa. Can gaba, a gefen gari, akwai dajin bedi, wato dogon yaro, da aka fara shukawa a 1965 don ya tare iska da rairayi. Yau masu yanka filaye da masu saran icce sun ci wuri mai yawa cikinsa. Wannan ya yi wa ƙafa nisa da tsakar rana. Ku sha ruwa, ku huta, ku bar shi sai bayan la'asar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.