Gabas Daban, Alƙibla Daban

'Yan'uwa Musulmi, mun saba cewa "a dubi gabas", alhali alƙiblarmu ba gabas sak take ba. Duniya dunƙulalliya ce, ba ta aunuwa kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma. Shi ya sa malamai irin su Albiruni, tun 1025, suke lissafa kusurwoyi uku a bayanta: garinka, Makka da ƙuryar arewacin duniya. Da wannan lissafi, Kano zuwa Ka'aba kusan kilomita 3,500 ne, alƙiblar Kano kuwa ta karkata digiri 22 daga gabas zuwa arewa.

Mai son tabbatarwa, ran 28 ga Mayu, ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, rana tana saman Ka'aba daidai. Ka fuskance ta, ka ja layi. Don Allah, kafin a haƙa harsashin masallaci, a auna.

Wassalamu alaikum.