Daga Nokia zuwa Tecno: suna mai saye ke bi ko buƙatarsa?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiya, mai sarin wayoyi tsakanin Kano da Maraɗi, ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya.

 

An ce in yi magana a kan gasar da kamfanonin waya ke yi da juna. Da aka faɗa mini sai na ce, ina ruwanmu da rigimar attajiran Amurka da Koriya da Sin? Amma da na zauna na tuna kwalayen wayar da suka taɓa yin kwantai a shagona, sai na ga ashe rigimar tasu a aljihunmu take ƙarewa. Su ke kokawa a can, mu ƙura ke bulbule wa a nan.

Waɗanda suka fara wannan sana'a tare da ni za su tuna lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. A wancan zamani in mutum ya ce waya, Nokia yake nufi. Akwai 3310, wadda za ta faɗo daga kan babur ka tsince ta ka haɗa murfi ka ci gaba da magana. A 2003 aka fito da 1100, mai tocila a ka, wadda aka sayar da fiye da miliyan 250 a duniya. Kai, wayar da ta cike wa Nokia biliyan ɗaya a ciniki, a 2005, ita ce 1100, kuma a Najeriya aka saye ta. Zuwa ƙarshen 2007, kusan huɗu cikin kowace waya goma da ake sayarwa a duniya ta Nokia ce. Da a lokacin wani ya tashi a taro irin wannan ya ce wata rana za a nemi Nokia a kanta a rasa, da an ce a kai shi a duba lafiyarsa.

A wannan shekarar ta 2007 Apple ya fito da iPhone, waya babu madannai, gilashi ne kawai ana shafawa. Shekara ɗaya bayan haka wayar farko mai manhajar Android ta fito, kuma Google ya bar kowane kamfani ya ɗauki manhajar ya ɗora a kan wayarsa. Nokia ya tsaya kan tasa tsohuwar manhajar, Symbian, har sai da rana ta yi, sannan a 2011 ya koma ta Microsoft. A 2014 aka kammala sayar wa Microsoft sashen wayar baki ɗaya. Wayoyin da suka dawo kasuwa da sunan Nokia bayan nan, wani kamfani ne mai suna HMD ya karɓi izinin amfani da sunan.

Labarin BlackBerry ya fi koya mini darasi. Kun tuna lokacin da saurayi ba ya tambayar lambar budurwa sai PIN ɗinta. Mu muna gani kamar mutane sun mutu ne a kan wayar. Ashe hirar BBM suke bi, don a can abokansu suke. Da WhatsApp ya bazu, yana aiki a kan kowace irin waya, mai tsada da mai araha, sai abokan suka tashi, kowa ya bi su. A 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa.

Ni ma a tsakanin waɗannan shekaru na sha tawa. Akwai wani kamfani, ba zan kama sunansa ba don laifin nawa ne, da wayarsa ke fita a hannuna kamar ruwan sanyi a watan zafi. Dila ya yi mini rangwame mai daɗi in na ɗauki kaya da yawa, na kwashi rabin jarina na zuba. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin rangwamen ba. Shi ya hango abin da ke tafe, ni ban hango ba. Kafin wata shida yaran da ke zuwa da kuɗi a hannu sun koma tambayar wata wayar daban. Haka na riƙa sayar da su ƙasa da sari, wasu har kyauta na yi da su. Shekara biyu ina farfaɗowa.

To wa ya gaji kasuwar tamu? Da yawa sun ɗauka Samsung ne, kuma ya riƙe ta na ɗan lokaci. Amma wanda ya zo ya zauna daram, kamfani ne da akasarin mutanen ƙasarsa ba su taɓa riƙe wayarsa ba. Sunansa Transsion, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin yake, wani mai suna Zhu Zhaojiang ya kafa shi a 2006. Shi ne mai Tecno da Itel da Infinix. Na san akwai waɗanda za su yi mamaki, don na sha ganin samari biyu a bakin shagona suna musu, wannan ya ce Infinix ta fi, wancan ya ce Tecno ce gaba, alhali kuɗinsu asusu ɗaya yake shiga. Haka ma caja da abin kunne na Oraimo, da shagunan gyara na Carlcare, duk gida ɗaya ne.

Ina so mu ɗan tsaya a nan, don abin da kamfanin nan ya yi ya shafe mu fiye da kowa. Bai zo da fasahar da ta fi ta Apple ko Samsung ba. Zuwa ya yi ya duba yadda muke rayuwa. Ya ga mutum da waya biyu ko uku a aljihu, saboda kira daga wannan layi zuwa wancan yana da tsada, kuma inda wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa. Sai ya mayar da waya mai layi biyu abin yau da kullum, har da mai huɗu ya yi. Mu 'yan kan iyaka ba sai an yi mana bayani ba. Kana barin Jibiya ka doshi Ɗan Isa, layin MTN ya fara shiru, na Airtel ɗin Nijar ko Moov ko Zamani ya farka, duk a waya ɗaya. Mutumin Kano ya ce sabis ya dawo, mutumin Maraɗi ya ce rezo ya dawo.

Ya ga kuma wuta ba ta zama, sai ya sa batir mai kwana da kwanaki. Ya ga kyamarar wayoyin da ake kawo mana ba a daidaita ta da baƙar fata ba, in aka yi hoto da yamma sai haƙora da idanu, sai ya gyara tasa ta riƙa fito da fuskarmu yadda take. Ya sa Hausa da Amharik da Suwahili a cikin wayoyin. Ya buɗe wurin harhaɗa waya a Habasha a 2011. Ya bi bangon kasuwanni da fenti tun daga Ikko har ƙauyukan da manyan kamfanoni ba su san da su ba. Kuma bai raina ƙaramar waya mai madannai ba, wadda samarin Kano, ku gafarce ni, ke kira rakani-kashi. Har gobe ita ce wayar manomi da makiyayi da tsohuwa mai jiran kiran ɗanta daga Libiya ko Abijan. A 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, a 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai.

Amma kada kowa ya fita daga ɗakin nan ya ce na ce a zuba jari duka a Tecno. In na faɗi haka ban koyi komai daga asarata ba. Layi biyu yanzu kowa na yi. Babban batir kowa na yi. Xiaomi da wayarsa Redmi, da Oppo, da Realme, duk sun shigo suna neman wannan mai sayen, Samsung ma ya sauko da jerin wayoyinsa masu harafin A. Ga sayar da waya bashi, a biya kaɗan-kaɗan, in ba ka biya ba a kulle ta daga nesa. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuma, na ga mutanen da suka yi shekaru a kan suna ɗaya sun shigo shago sun tambayi farashi, sun yi shiru, sun ce a nuna musu wata.

Kamfani ɗaya ne na ga ya ɗaure mutanensa da gaske, shi ne Apple. Hotunanka da saƙonninka da agogonka da kwamfutarka duk ya haɗa su wuri guda, fita sai da wahala, ga kuma wayar tana riƙe daraja in za ka sayar. Shi da Samsung sun shafe shekara bakwai a kotu, daga 2011 zuwa 2018, kan zargin kwaikwayon ƙira, alhali a lokacin Samsung na sayar wa Apple kayan haɗa waya. Mu dai akasarin iPhone da ke ratsa hannunmu ta hannu ce, 'yar Landan ko 'yar Dubai, kuma wanda ya taɓa sayen mai kulle da iCloud ɗin wani ya san ya sayi madubi ne mai tsada. Batun kwamfutar hannu, wato tab, ba zan daɗe a kai ba. Apple ya fito da iPad a 2010, amma da gilashin waya ya girma har ya wuce inci 6, sai ta koma kayan ɗalibai da yara. Ku ɗauko kaɗan.

Wani lokaci ma ba gasa ke juya kasuwa ba, doka ce a ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba. A 2019 Amurka ta hana Huawei hulɗa da Google, sababbin wayoyinsa suka riƙa fitowa babu Play Store. Tarayyar Turai ta wajabta bakin caja iri ɗaya, wato USB-C, har Apple ya sauya nasa a iPhone 15 a 2023. Masu sarin caja, ku duba sito ku ga kwali nawa na tsohon baki ya rage muku.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Mutumin da ya sayi waya a hannunka a kasuwar Maraɗi ya tafi da ita ƙauye bayan Tasawa, in ta lalace bayan kwana goma, ba Shenzhen zai je ba. Ba zai ƙetare iyaka neman ofishin kamfani a Kano ba, balle mun ga iyakar nan a rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake ganinta a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024. Wurinka zai dawo. A shagona akwai dattawan da suka sayi Nokia a hannuna, suka dawo suka sayi Samsung, yau jikokinsu ke zuwa sayen Itel. Sunan da ke kan kwali ya canja sau uku, su ba su canja shago ba. Amma na san da yawa daga cikinmu da ke rasa irin waɗannan mutane, saboda sun sayar da jabu a matsayin ta asali, ko wadda aka buɗe aka gyara a matsayin sabuwa dal, ko kuma an dawo musu da waya sun ce kayan da aka saya ba a mayarwa.

Don haka ina roƙon shugabanni su duba wannan shawara. Kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da rasit, a rubuta lambar IMEI ta wayar a jiki. Ba wuya, a danna *#06# za ta fito, a gwada ta da wadda ke kan kwali a gaban mai saye. A rubuta ƙarara ko sabuwa ce ko ta hannu. Sannan mu amince a tsakaninmu cewa wayar da aka saya wurin ɗan ƙungiya a Kano, in ta ba da matsala cikin kwanakin garanti, mai ita zai iya kai ta shagon ɗan ƙungiya a Maraɗi ko Damagaram, a karɓa a aiko da ita cikin kaya, mu daidaita lissafi daga baya. Motocinmu kullum suna kan hanyar nan. Kwana nawa garantin zai ɗauka, wa zai biya kuɗin mota, da naira za a yi lissafi ko da sefa, wannan aikin kwamiti ne, kuma ina so a sa masu gyara biyu a ciki, ɗaya daga kowane ɓangare, don su suka san wayar da kayan gyaranta ke samuwa da wadda in gilashinta ya fashe sai a jefar.

Malam sakatare, don Allah a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba. Ni na yarda a fara gwadawa da shagona.