Jawabin Ƙaddamar da Ƙungiyar Ƙwallon Hannu ta 'Yan Mata a Gamawa

 

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu, iyaye maza da mata, baƙinmu da suka taso daga Azare, da 'yan'uwa na Udubo da Gololo, barkanku da zuwa.

'Ya'yana mata, da ku zan fara. A ƙasar Romaniya akwai wata mai suna Cristina Neagu, haifaffiyar birnin Bukares a 1988. Sau huɗu hukumar ƙwallon hannu ta duniya tana zaɓenta gwarzuwar shekara: 2010, 2015, 2016 da 2018. Ku lura da ratar da ke tsakanin na farko da na biyu. Tana kan ganiyarta kafaɗar da take jifa da ita ta samu rauni, ta yi kusan shekara biyu tana jinya. Ta dawo ke nan, sai jijiyar gwiwa ta tsinke a 2013. Da wata ce da ta rataye takalmi. Ita kuwa ta daure, har a 2015 ta ɗauki kofin zakarun Turai da ƙungiyar Budućnost, kuma ta fi kowa jefa ƙwallo a raga a gasar duniya ta waccan shekarar. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Kada ku ce wannan sai Turawa. A 1991, a birnin Alƙahira, matan Najeriya ne suka lashe kofin Afirka. Shekara na zagayowa suka tsaya wa nahiyar nan a wasannin Olamfik na Basalona. Tun daga nan kofin bai sake kwana a gidanmu ba, matan Angola sun riƙa ɗauka suna maimaitawa. Bashi ne a kanmu, kuma ba a rubuta cewa 'yar Gamawa ba za ta biya shi ba.

Wasan ba ya cin kuɗi. Fili mai tsawon mita 40 da faɗin 20, raga biyu, ƙwallo ɗaya, mutum bakwai kowane ɓangare. Dokarsa ma tarbiyya ce: ba a wuce taku uku da ƙwallo a hannu. Mai rowa ba ta daɗewa a cikinsa, dole ki miƙa wa 'yar'uwarki.

Iyaye, mun san abin da ke ranku. Mun ɗauki alkawari 'ya'yanku za su yi wasa cikin sutura ta mutunci, malamai mata na tsaye a kansu. Atisaye ba zai ci lokacin boko ko Islamiyya ba, kuma kafin magariba kowacce tana gida. Wadda ta yi sakaci da karatu, benci za ta zauna.

Da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Allah ya tsare gaɓoɓinku, ya sa albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.