Zuma da Zaƙi da Harbi: Jawabi ga Malamai da Iyalansu



Da wuya a shiga gida a cikin ganuwar Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, a rasa kwalbar zuma. Muna zuba ta a fura da kunu, muna kai wa majinyaci, kuma mun san Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahl. Darajarta ba abin musu ba ce. Sai dai magabata sun ce zuma da zaƙi da harbi, kuma wajibi ne malami ya san duka biyun.

Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, kusan kashi 17 ruwa, ragowar kuwa 'yan sinadarai ne daga furannin da ƙudan zuma ya tsotsa. Shi ya sa take mayar wa mutum ƙarfi nan take. Tana lafa tari da kaushin maƙogwaro ga yaron da ya haura shekara ɗaya, musamman in an ba shi ƙaramin cokali kafin barci. Saboda ƙarancin ruwanta da ɗan tsamin da ke cikinta, ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a ciki, har asibitoci na amfani da wata zuma da aka tsarkake wajen jinyar gyambo da ƙuna.

Harbinta na farko ya shafi jarirai. A gidajenmu da yawa akan lasa wa jinjiri zuma ranar haihuwa, ko a jiƙa masa ita in yana kuka. Zuma na iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da likitoci ke kira botulizim. Hanjin babba yana fin ƙarfinta, amma a hanjin jariri sai ta tsiro ta fitar da dafi mai kashe jijiyoyi. Yaro ya daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, wuyansa ya saki, wani lokaci numfashi ya gagara. Tafasa zumar ba ya kashe ƙwayar, kuma ko farar saƙa ce daga amya ba ta tsira ba. Don haka kada a ba yaro zuma sai ya cika wata 12, kuma a wata shida na farko nonon uwa kaɗai ya wadatar. Wanda ya ga waɗannan alamu ya garzaya Asibitin Gambo Sawaba ko Asibitin Koyarwa na Shika, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mu kuma tuna cewa dabino ne ya zo a shahararrun ruwayoyin tahniki.

Harbi na biyu namu ne manya. Da yawa daga cikinmu da aka gwada aka ce suna da ciwon sukari sun bar sukarin shayi sun koma zuma, suna zaton sun tsira. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma na cikin jerin sukarin da ya kamata a taƙaita, kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi. Babban cokali ɗaya na ɗauke da kusan giram 17, cokali uku ke nan an cika mudu. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita tukuna, yara kuma su goge baki bayan sun sha, don haƙori bai bambanta zuma da alewa.

Na uku, algus. Akwai masu dafa sukari ya yi duhu su ɗura a kwalba. Gwajin ashana ko ɗigawa a ruwa ba hujja ba ne, kuma daskarewa ba alamar jabu ba ce, zuma ta gaskiya ma tana daskarewa. Mu saya wurin mai amyar da muka sani, ko mu duba lambar NAFDAC.

'Yan'uwa, kusan duk ɗalibin da ke gabanmu yana da ƙane ko ƙanwa a goye. Mu sanya wannan bayani a darasin kiwon lafiya da taron iyaye da malamai. Malamai mata su kai shi gidajen suna cikin ladabi, domin kakar da ke lasa wa jikanta zuma ƙauna ce ta sa ta, kuma da lallashi za ta karɓa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai. Wassalamu alaikum.