Fitila da Mudu



Karatunmu na yau yana cikin Matiyu 5:14-16, inda Ubangiji Yesu ya kira almajiransa hasken duniya. Mu lura da waɗanda ya faɗa wa wannan magana. Masunta ne da talakawan Galili, 'yan ƙalilan, ba sarauta, ba murya a majalisa. Duk wanda ya dube su a ranar ba zai ce ya ga wani haske ba.

Amma hasken ba nasu ba ne. A Yohanna 8:12 Yesu ya ce shi kansa ne hasken duniya, ya kuwa faɗi haka a Haikali, dab da labarin Idin Bukkoki da ke sura ta 7. Littattafan malaman Yahudawa sun nuna cewa a lokacin wannan idi ana kunna manyan fitilu a farfajiyar mata, da lagwani na tsofaffin tufafin firistoci, har haskensu ya kai gidajen Urushalima. Idi na ƙarewa, fitilun su mutu. Haikalin ma Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. Namu hasken aro ne daga wurin wanda ba ya mutuwa, kamar yadda mace takan ɗebo wuta a maƙwabta.

Fitilar da Yesu ya yi misali da ita ƙarama ce, ta yumɓu, tana zama a tafin hannu, da ɗan man zaitun a ciki. Kusan acibalbal ɗinmu ce. Abin da ya ce ba a kifa mata shi ne ma'aunin hatsi, wanda a Helenanci ake kira modiyos, mai cin kusan lita 9. Mu ce mudu, ko da yake ya fi namu girma. Kowa a nan ya san wuta ba ta ci sai da iska. Wanda ya kifa mudu a kan fitila yana cewa adana ta yake yi, in ya buɗe sai ya tarar da hayaƙi.

Mun san abin da ke sa mu kifa mudun. A garuruwan da ba mu da yawa, akwai ɗan'uwan da ke ɓoye sunansa na baftisma don neman aiki, akwai 'yar'uwar da ke tura Littafi Mai Tsarki ƙasan jaka in za ta shiga mota. Ba mu raina wannan tsoro ba, wasunmu sun ga abin da ya haife shi. Ubangiji da kansa ya umarce mu da wayo a Matiyu 10:16. Sai dai kowa ya tambayi zuciyarsa: hankali nake yi, ko kuwa kunyar sunan Yesu nake ji? Yaranmu suna kallo, sun kuma san bambancin.

Akwai kuma wani mudu, shi ne na kasuwa. Mai bi da ya buga gindin mudunsa don ya rage awo, ko ya cika ƙasan buhu da tsakuwa, ya kashe fitilarsa da hannunsa, ko da shi ne ke jan waƙa ran Lahadi. Maƙwabcinmu da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba yana karanta mu a wurin awo, da biyan bashi, da layin rijiya, da zuwa gaisuwar mutuwa. Aya ta 16 ayyuka ta ambata, ta kuma ce ɗaukakar ta Uba ce.

Wasu kuma, musamman matasanmu masu zafin jini, sun mai da hasken tocila, suna dalle mutane da ita a fuska. A al'adarmu ma wannan rashin ladabi ne, wanda aka dalle kuwa rufe ido yake yi. Gardama da zagin addinin wani a waya ba shaida ba ce. Manzo Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da bangirma (1 Bitrus 3:15-16).

Saura batun mai. A Fitowa 27:20-21, Haruna da 'ya'yansa ne ke kula da fitilar alfarwa daga yamma har safiya, amma jama'a aka umarta su kawo tsabtataccen man zaitun. Fasto ba zai iya yi wa gida addu'ar safe a madadin maigida ba. Iyayenmu mata da suka yi zamani da fitilar ƙwai sun san aikin: kowace yamma a goge ƙwan, a datse lagwani, a duba kananzir tun rana ba ta faɗi ba. Gida nawa a cikinmu aka buɗe Littafi tare da yara a makon nan?

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.