Haƙorin Da Ya Ɓata Hanya

Yau maganarmu a kan haƙoran yara ce, watau haƙorin da ya bar gurbinsa ya tsiro a wani wuri dabam, ko kuwa ya ƙi fitowa sam.

Ku sani dai haƙora iri biyu ɗan Adam ya ke yi. Na fari su ne haƙoran nono, guda 20, su kan soma tsirowa jariri yana da wajen wata 6, su cika kafin ya shekara 3. Na biyu su ne na girma, guda 32. Yaro ya kan soma famfara yana da shekara 6 ko 7. Abin da ke sa haƙorin nono girgiɗi shi ne na girman da ke ƙarƙashinsa yana cin saiwarsa kaɗan kaɗan, har ya faɗi, sabon ya maye gurbinsa. To, in sabon ya kauce hanya, saiwar tsohon ba ta cinyewa. Sai tsohon ya zauna daram, sabon kuwa ya nemi wata kafa.

Wanda ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne na gaba, a ƙasa. Uwa ta duba bakin ɗanta ta ga sababbin haƙora sun tsiro a bayan tsofaffin, jeri biyu ke nan. Wannan ba abin tsoro ba ne, ba kuwa abin camfi ba ne. Yawanci harshe ne ke tura su gaba har su daidaita. A bar yaro ya riƙa girgiza tsohon da yatsa mai tsabta. Amma in aka yi wata 2 ko 3 tsohon bai ko motsa ba, sai a kai yaron a cire masa.

Akwai kuma turmin farko na girma, wanda ke fitowa a can baya wajen shekara 6, ba tare da wani ya faɗi ba. Wani lokaci ya kan maƙale a jikin turmin nono da ke gabansa. Mafi yawansu su kan kuɓuta da kansu. In yaro ya wuce shekara 7 abin bai sake ba, a nuna wa likita.

Yanzu ga wanda na ke so ku riƙe da kyau, watau fiƙa ta sama. Ita ce ke da tafiya mafi nisa, domin tana soma ginuwa ne can sama a gefen hanci, ba ta fitowa sai yaro ya kai shekara 11 ko 12. Saboda nisan tafiyar nan ta kan ɓace. Wata ta fito ta sama da jeri kamar haure, kowa na gani. Wata kuwa ta karkata ciki, wajen ganɗa, ta kwanta cikin ƙashi, ba ciwo, ba kumburi. Wannan ta ɓoye ita ta fi ɓarna, gama tana iya cin saiwar haƙoran gaba masu lafiya, ba a sani ba sai sun soma girgiɗi.

Ga yadda za ku gane. In yaronku ya shekara 10, ku wanke hannu da sabulu, ku ɗaga leɓensa na sama. Ku ƙirga daga tsakiya, haƙori na uku shi ne fiƙar nono. Ku shafa dasashi can sama da ita. Ya kamata ku ji wani ɗan tudu mai tauri kamar ƙwayar wake, dama da hagun. In kun ji a gefe ɗaya babu a ɗayan, ko kuwa yaro ya kai 11 ba ku ji komai ba, ku gaya wa malamin ɗakin shan magani ya rubuta muku takarda zuwa babban asibiti inda akwai likitan haƙori. Can za a ɗauki hoto a ga inda ta kwanta.

Dalilin gaggawa kuwa shi ne, tsakanin shekara 10 da 13, sau da yawa cire fiƙar nono kaɗai ya kan buɗe wa ta girman hanya ta miƙe da kanta. Aikin ɗan lokaci ne, da allurar kashe zafi. In aka makara, sai an tsaga dasashi, a ɗaura mata waya, a riƙa jawo ta sannu sannu har shekara guda ko biyu. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar na koyarwa da ke Kano ko Zariya, ga kuɗin mota, ga yawan zirga-zirga.

Haka kuma in haƙorin gaba na sama ya fito, ɗan'uwansa ya yi wata 6 bai biyo ba, a je a ɗauki hoto. Wani lokaci wani ɗan haƙori ne na ƙari ya tare masa hanya. Amma wushiryar da kan bayyana ga ɗan shekara 8 ko 9, wannan a ƙyale ta, yawanci ta kan rufe in fiƙoƙi sun sauko. In ta zauna ma, ai ba mu taɓa jin wanda ya yi kuka da wushirya ba.

Samari da 'yan mata kuma, turmin ƙarshe ya kan fito tsakanin shekara 17 da 25, sau da yawa a karkace don rashin wuri. In dasashin da ke kansa ya yi ciwo, a kurkure baki da ruwan ɗumi kofi guda da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau 3 ko 4 a yini. Amma in kunci ya kumbura, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi asibiti ran nan, kada a kwana.

Kada ku kai yaro wurin mai cire haƙori a kasuwa. Ba shi da hoton da zai nuna masa abin da ke cikin ƙashi, yana iya cire na girma a zaton na nono ne, shi kuwa na girma in ya tafi ba ya komowa. Ƙarfen da ba a dafa ba kuma yana iya sa wa yaro ciwon hanta. Har wa yau ku kula da turamen nono, a rage alewa, a goge su safe da dare, domin in suka ruɓe aka cire su da wuri, na baya su kan matso su toshe gurbin masu zuwa.