Daga Inda Aka Yi Ta'asa Zuwa Gaban Alƙali



A watan Yuni na 2021 rundunar 'yan sandan Jihar Kebbi ta tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugabanta, aka tafi da ɗalibai 25. Duk lokacin da irin wannan ta auku, kiranmu ɗaya ne: a kamo su. Amma kamu ba ya ɗaure kowa. Hujja ce ke ɗaure mutum, ita kuwa a sa'o'in farko ake samunta ko a rasa ta, sau da yawa kafin motar 'yan sanda ta iso.

Aikin mai bincike na farko shi ne tsare wurin. Maharban ƙasarmu ba sa bukatar a yi musu bayani, domin sun san garke ɗaya in ya ratsa, sawu ya ɓace. Sawun babur, kwanson harsashi, takalmin da ya suɓuce, wayar da ta faɗi, kowanne bakinsa cike yake da magana. Mu kuwa sai mu yi dafifi don jaje mu tattake komai, yaro ya tsinci kwanson ya sa aljihu. Hatta gawa, da muke gaggauta suturta ta bisa addini da al'ada, ya kamata a ɗauki hotonta a inda take, likita ya rubuta musabbabin mutuwa kafin a ɗaga.

Sai shaidu. Ana jin kowa shi kaɗai, a rubuta, a karanta masa, ya sa hannu, domin labarin da ya kwana a majalisa ya riga ya gauraya. Fayil ɗin kisa yakan bar ofishin yanki zuwa sashen binciken manyan laifuffuka a Birnin Kebbi, daga nan lauyoyin Ma'aikatar Shari'a su duba ko zai tsaya a kotu.

Doka ta gindaya wa mai binciken iyaka. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, kuma ikirarin da aka karɓa da duka, alƙali zai yi watsi da shi.

Mu mazauna birane fa, namu laifin ba ƙarami ba ne. Mu ne ke watsa sunan mai shaida a WhatsApp, alhali shi zai kwana a ƙauye, mu muna Abuja. Mu ne ke buga wa DPO waya a saki ɗan ƙanenmu, “a sasanta a gida”. Shaida kuma, manomi ne da zai bar gona ya biya mota, a ɗage zama sau uku, ya gaji ya daina zuwa.

Don haka muna roƙon wannan ƙungiya ta ware wani kaso na kuɗin shekara domin motar shaidu da abincinsu, lauyoyinmu kuma su raba fayilolin tsakaninsu, su kawo mana rahoto a taro mai zuwa.